Zan kai Inna da yara yawon cikin birnin Kano na yini ɗaya, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa

Baban Safiya, ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema a kan wata tafiya da na ɗauki alkawarinta tun kafin faɗuwar damina, ga shi kaka ta yi, lokacin cikawa ya zo. 'Ya'yana mata biyu sun sauke Alƙur'ani bana, na kuwa ce musu tukwicinsu shi ne in kai su cikin birnin Kano su ga wuraren da suke jin labarinsu a bakin malamansu. Da mahaifiyata ta ji maganar sai ta ce ba za a bar ta a gida ba. Ta sha zuwa Kano asibiti da biki, amma rabonta da shiga Kasuwar Kurmi tun 1963, shekarar da aka naɗa Sarki Ado Bayero, lokacin da mahaifinta ya je da ita sayen kayan aurenta. Har yau tana da baƙin zane ɗaya a ƙasan adaka wanda ta ce a marinar Ƙofar Mata aka rina shi, kuma burinta ta sake ganin wurin da idonta.

Mu biyar ne: ni, da Inna, da yaran biyu, da ƙanena. Na sayar da riɗi a Gujungu ranar Lahadi na ware naira 60,000, ba ni kuma da halin ƙara ko kwabo a kai. Inna tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa, likita kuma ya hana ta yawan gishiri da maiƙo saboda hawan jini. Dole ne mu dawo kafin magariba, domin daga bakin titi zuwa garinmu sai a babur. Shin mu je ranar Juma'a domin Inna ta samu salla a babban masallaci, ko mu bari sai Asabar? Idan mun sauka a tashar 'Yankaba, mu ɗauki shatar adaidaita sahu ta yini, ko mu riƙa hawa muna sauka? Sannan ina ne tsohuwa za ta samu wurin zama mai tsabta ta ci abincin da ba zai tayar mata da ciwo ba?

Ɗan Gezawa:
Wa alaikumus salam. Malam, duk wanda ya je birni bai hau Dutsen Dala ba to da sauransa. Ku yi sammako ku fara da can tun rana ba ta yi zafi ba, ku bi matattakalar har sama, daga nan za ku hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da rufin gidajen cikin gari har iyakar ganinku. A nan Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999, kuma yara sun fi riƙe labarin Tsumburbura idan a kan dutsen aka ba su shi. Ni sau uku ina hawa, ko sau ɗaya ban yi nadama ba.

Malamin Tarihi, Gaya:
Na kai ɗalibaina wannan ziyara har sau biyu, don haka bari in faɗi yadda na tsara ta. Gidan Makama ya kamata a fara shiga, wanda yake daf da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, domin wanda ya fara da nan shi ne zai gane abin da zai gani a sauran wuraren. Gini ne na ƙasa tun ƙarni na 15, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'i, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ina roƙon a ɗaga kai a dubi rufin zaurukan, a ga yadda magina suka tayar da baka da azara da ƙasa ba tare da ƙarfe ko siminti ba, domin yawancin masu ziyara kayan da aka jera kawai suke kallo su wuce.

Gidan Sarki kuwa gida ne da mutane suke zaune a cikinsa, ba a kutsa kai haka kawai, sai dai a tsaya a ga Ƙofar Kudu daga waje. Daga nan sai a zagaya ta arewa a ga babban masallaci, wanda aka sake gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sannan a gangara Kurmi, wadda ita ma a zamanin Rumfa aka kafa ta. A hanya a nuna wa yara abin da ya rage na ganuwa, a gaya musu Sarki Gijimasu ne ya fara ta kusan shekara 900 da suka wuce. Mu naira 200 aka karɓa a kan kowane ɗalibi a Gidan Makama.

Maman Ummi, Bichi:
Tunda kowa tarihi yake ta faɗa, ni zan yi maganar abinci. Kada ku dawo ba ku ci bandashe ba. Gurasa ce ake tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗa mata garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir, idan da hali a haɗa da tsire ko balangu. Ta wajen Jakara ta fi, domin a can ake gasa ta a tanderu tun da asuba, ka saye ta da ɗuminta, har unguwa guda ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Da naira 500 mutum ɗaya zai ƙoshi. Ku kuma sayo alkaki da nakiya na tsaraba, amma ku ɗanɗana kafin ku biya, saboda wani alkakin ya kwana biyu a faranti.

Alhaji Mai Taki, Ringim:
Hajiya, yaushe rabonki da birni? Watan da ya wuce na ci bandashe ba nama a naira 1,000, kuma ban ƙoshi ba sai da na ƙara da kunun zaƙi. Shi ma Malam na Gaya farashin 'yan makaranta ya faɗa. Ni da na kai baƙona naira 500 kowannenmu ya biya, sannan na ba wanda ya zagaya da mu abin goro. A lissafa da kyau kada a je a ji kunya a gaban tsohuwa.

Baban Auwalu, ƙasar Gabasawa:
Ɗan uwa, ni ba zan ce maka ka je ko kada ka je ba, zan dai gaya maka abin da ya same ni, kai ka yi hukunci. Bara war haka na sayar da gyaɗa na ɗauki mai ɗakina da ƙanwarta da za a aurar, muka shiga birni da niyyar mu sayi kayan ɗaki, mu kuma nuna wa yarinyar gari tunda ba ta taɓa zuwa ba. Kuɗin da ke aljihuna naira 140,000 ne, rabi nawa, rabi na surukina da ya ba ni amana. Da muka sauka kusa da kasuwa muna tsaye muna waige-waige, sai wani saurayi mai tsabtar tufafi ya zo ya gaishe ni har da rusunawa, ya kira ni Baba, ya tambayi abin da muke nema. Da na gaya masa sai ya ce kawunsa yana da rumfar kwanuka da tasoshi, zai kai mu a yi mana farashin gida, kuma hanyar za ta bi da mu ta inda za mu hango Dala sosai.

Muka bi shi. Lungu ya miƙa mu ga lungu, tun ina gane gabas har na daina. A wani wuri da katangu suka matse, ruwan kwata yana bin tsakiya, sai ga wasu biyu sun ɓullo ta gabanmu, ɗaya da wuƙa a hannu, shi kuwa mai kira na Baba shi ne ya sa hannu a aljihuna. Suka ɗauki kuɗin, da wayata, da 'yan kunnen mai ɗakina, duk abin bai kai minti biyu ba. Yarinyar ta durƙushe a wurin ta kasa ko kuka.

Ba asarar kuɗin ce ta fi tsaya mini a rai ba. Da muka lalubo hanya muka fito bakin titi ina ba da labari jikina yana rawa, sai na ji wani daga cikin waɗanda suka taru yana cewa ai ƙauyawa ne, su ma da ganganci, wasu kuma suka yi dariya. A gaban matata da ƙanwarta aka faɗi haka. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya tsawatar musu, ya zaunar da mu a bencinsa, ya sayo mana ruwa, ya kuma ƙirgo kuɗin mota daga cinikinsa na ranar ya ba mu, Allah ya saka masa da Aljanna. Tun karin kumallon gida ba mu sa komai a bakinmu ba har muka koma. Bikin sai da aka ɗaga shi wata huɗu, kuma sai da na sayar da tunkiya biyu kafin na mayar wa surukina kuɗinsa, ko da yake bai taɓa tambayata ba. Har yau mai ɗakina idan aka ambaci cikin birni sai ta tashi ta bar wurin.

Maman Ummi, Bichi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Baban Auwalu, ya kuma shirya waɗannan yara. Ɗan ƙanwata ma an ƙwace masa waya a cikin adaidaita sahu da rana tsaka, har suka yanke shi a hannu. Baban Safiya, ka raba kuɗinka gida uku, wani a wurinka, wani a wurin ƙanenka, wani kuma Inna ta ƙulle a bakin zaninta.

Direban Adaidaita, ɗan asalin Dambatta:
Ina jajanta wa Baban Auwalu, abin da aka yi masa zalunci ne, kuma ba wanda zai musa cewa ƙwacen waya ya addabi gari. Amma ina roƙon kada a tsorata bawan Allah da labarin rana ɗaya. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a cikin birni, na fara ne bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, kuma kullum sai na sauke mutanen karkara a bakin Kurmi su gama hidimarsu lafiya su koma. Ƙa'idar ɗaya ce, kada ka bi wanda ya zo ya same ka, kai ne za ka je ka tambayi mai rumfa da yake zaune a kan kayansa. Wanda ya zo birni sau ɗaya ko sau biyu, ko da da ɗalibai ne, bai kamata ya tsara wa wani hanya ba. Tsarin da Malam ya kawo a takarda yana da kyau, amma daga masallaci zuwa cikin Kurmi da ƙafa, da cunkoson masu kura da 'yan dako, ko mai lafiya sai ya ji a jikinsa. Ranar Juma'a kuwa tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da masallacin suke cushewa, sai mun sauke mutum daga nesa ya ƙarasa da ƙafa. Shatar yini ba za ta gaza naira 20,000 ba a yadda mai yake yanzu.

Malamin Tarihi, Gaya:
Malam direba, na yarda ka fi ni sanin titi, amma sanin titi daban, sanin abin da aka je gani daban. Na taɓa jin wani direba yana gaya wa fasinjojinsa cewa Turawa ne suka gina ganuwa, alhali ta girmi zuwansu da shekaru ɗaruruwa. Yaran nan ilimi za a kai su nema. Sannan kai mai neman shata ne, don haka farashin da ka faɗa sai an tace shi. Mu naira 8,000 muka biya kowace adaidaita daga safe zuwa la'asar.

Direban Adaidaita, ɗan asalin Dambatta:
Allah gafarta Malam, a wace shekara ke nan? Ka faɗi nawa ake sayar da litar mai a lokacin. Ban nemi kowa ya ɗauke ni shata ba, ban kuma bayar da lambata ba. Mutum biyar ma da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za su zauna a adaidaita ɗaya su wuni a cikinta ba.

Bazazzage Mai Koyarwa a Kazaure:
Ni dai tun da na ga Kanawa sun fara musu a kan farashi na san an zo wurin. Bakano ai ko inuwar ganuwa ka tsaya sha sai ya tambaye ka ko da canji a jikinka. Baban Safiya, ka kawo Inna Zariya ta ga Ƙofar Doka, mu masaukin baƙo da tuwonsa kyauta ne.

Ɗan Gezawa:
Bazazzage, ku da kuke zuwa Kwari sarin atamfa kuna kwana a tasha don kada ku biya kuɗin ɗaki, yau ku ne masu kyautar masauki?

Liman Ƙarami, Taura:
Wasan Kanawa da Zage-zagi tsohon abu ne, ba mai hana shi, amma a duba lokaci. Ɗan uwanmu ya gama ba da labarin abin da ya zubar masa da hawaye, wani kuma yana jiran shawara a kan mahaifiyarsa. Game da Juma'a, ba wajiba ba ce a kan mace, balle tsohuwa mai lalura, don haka kada a wahalar da ita a cikin turmutsutsu saboda ita. Idan ta samu azahar a masallacin a wata ranar, ta samu abin da take so.

Baban Safiya, ƙasar Ringim:
Na gode wa kowa, kuma Baban Auwalu, wallahi labarinka ya hana ni barci jiya, Allah ya musanya maka. Sai dai har yanzu ina nan inda nake. Dala ba ta cikin lissafi saboda gwiwar Inna, sai dai ƙanena ya hau da yaran mu jira su a ƙasa, bandashe kuma da ƙuli da mai da gishiri shi ne ainihin abin da aka hana ta. Kuɗin mota daga nan zuwa 'Yankaba da dawowa zai ci kusan naira 25,000 a mu biyar. Idan shata ta ci 20,000, abin da ya rage shi ne na abinci da shiga wurare da babur ɗin komawa gida, ban da tsaraba. Ba kuma wanda ya ce mini komai a kan marina, alhali ita ce dalilin tafiyar Inna.

Jikan Marina, Kura:
Yaya, bari in amsa maka wannan, domin a gidan rini aka haife ni, kuma ina kai kaya Ƙofar Mata. Marinar tana bakin titi ne, adaidaita za ta sauke Inna a ƙofar wurin, taku kaɗan ne ta shiga, kuma marinan ba za su rasa abin zama da za su ba tsohuwa ba. A jikin ƙofar za ku ga an rubuta 1498, shekarar da ake cewa an kafa ta. Aikin har yanzu irin na da ne. Ganyen baba da toka da kanwa ake zubawa a rami mai zurfi a cika shi da ruwa, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsa shi har ya nuna ya yi kumfa. Idan aka tsoma zane aka ɗago shi za ku gan shi kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a kan idonku, a sake tsomawa a sake ɗagowa har ya kai baƙin da ake so. Wannan juyawar launin ita ce abin da yara ba sa mantawa. A gefe kuma akwai mabuga da suke dukan zanen a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Ku tafi da zanen nan na Inna ku nuna wa dattawan wurin, na tabbata za su karɓe shi hannu biyu, domin da wuya su ga aikin iyayensu ya dawo musu bayan shekara sittin. Abinci kuwa a sayo mata fura da nono ba sukari da yawa, ko a dafo mata nata daga gida a kwanon da ke riƙe zafi.

Sai dai ka shirya mata zuciya, domin ba za ta tarar da abin da ta bari ba. Ramuka da yawa sun bushe, wasu an bar su shara ta cike su, masu aikin kuma yawancinsu sun manyanta. Mu ma a Kura haka abin yake. Garin da Buzaye suke zuwa tun daga Agadas sayen turkuɗinsa, yau yaranmu sun fi son acaɓa da aikin shinkafa, ga atamfar waje mai arha ta cika kasuwa. Manoma ma sun daina shuka baba, saboda ba wanda zai ba da gonarsa ga abin da ba shi da mai saye a kaka.

Alhaji Mai Taki, Ringim:
To ai ko abin da yake da mai saye, nawa ake sayensa? Manomi ne yake noma alkamar da gyaɗar da albasar da ake haɗa bandashen nan, amma shi ne idan ya shiga birni zai tsaya yana lissafin ko zai iya cin faranti ɗaya. Ina sayar da taki, ina ganin abin da idona: bana akwai wanda ya kawo mini kuɗin buhu biyu na shinkafa shanshera kafin ya ɗauki buhun taki ɗaya.

Baban Auwalu, ƙasar Gabasawa:
Alhaji, ka taɓo inda yake mini ciwo. Gyaɗar da na sayar bara, wadda kuɗinta ya tafi a lungun nan, wata uku bayan na sayar sai da farashinta ya kusa ninkawa, lokacin tana hannun masu ajiya. Mu muke sayarwa a kaka saboda bashi da biki da kuɗin makaranta, su kuma su tara a rumbunan Dawanau su jira bazara. Idan muka shigo gari kuma a kira mu ƙauyawa. Dillalan da suke tare mu a bakin kasuwa tun kafin mu sauke kaya, da mudunsu mai faɗin baki, ba su da bambanci a wurina da yaron da ya kira ni Baba.

Dillalin Hatsi, Gujungu:
Haba Baban Auwalu, wannan magana ta yi nauyi. Shekarata ashirin a dillanci ban taɓa ɗaukar ƙwayar wani ba da saninsa ba, la'adata kawai nake karɓa, kuma sau da yawa ni nake ranta wa manomi kuɗin magani tun amfanin yana gona. Farashi ba mu muke yanka shi ba, daga wurin manyan masu saye yake saukowa, su ma suna duban abin da ake biya a Maigatari da Dawanau. Wanda yake zargin mudu ya zo da nasa daga gida a auna a gabansa, ba wanda zai hana shi. Baban Safiya, riɗin da ka sayar ranar Lahadi fari ne ko ja, kuma a nawa aka karɓi buhu? Ina tambaya ne domin da yamma farashin ya ɗan motsa, kuma ina jin waɗanda suka sayar da safe ba su samu yadda ya kamata ba.